Ƙwandala Ba Ta San Gaibu Ba: Darasi A Kan Ƙuri'a Da Lissafin Yiwuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda babu abin da ke aukuwa a cikin mulkinSa sai da saninSa da nufinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan karo a kan ƙaramin abu ne da ke cikin aljihun kowa, wato ƙwandala. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin ƙwallo a Kiyeshe ko Dogondutsi ya ga alƙalin wasa ya cilla ta sama kafin a take. Yara kan yi haka idan suna gardamar wanda zai fara. Manya kuma, ko ba su cilla ƙwandala ba, sukan karya tsinke, ko su naɗe takardu su zuba a cikin hula, idan za a raba abin da kowa ke so. Tambayar da ta kamaci muridi ita ce: yaushe ne wannan yake halatta, har ya zama koyi da Annabi (SAW), yaushe ne kuma yake komawa aikin jahiliyya? Amsar tana buƙatar fiƙihu, tana kuma buƙatar ɗan lissafi, domin wanda ya san yadda ƙwandala ke faɗuwa ba zai ɗora mata kayan da ba ta iya ɗauka ba.

Misali biyu da za a riƙe

A ƙaddara wani magidanci ya rasu a ɗaya daga ƙauyukan Kiyeshe, kudu da Dogondutsi, cikin Dallol Mawri. Ya bar 'ya'ya maza biyu, babu wani magaji bayansu, ya kuma bar gonar gero guda. Dattawa sun taka gonar, sun raba ta biyu daidai. Amma wa ya ce yana son ta gabas, ƙane ma ya ce ita yake so. Babu wanda ya fi wani haƙƙi. Idan maigari ya ba wa, za a ce girma ya duba. Idan ya ba ƙane, za a ce dangin uwarsa ne suka shiga suka fita. A ƙasar da jama'a ke ƙaruwa gonaki kuwa ba su ƙaruwa, irin wannan gardama takan raba zumunci har jikoki.

A ƙaddara kuma, a gida ɗaya, wani saurayi yana cikin ruɗani bayan an gama girbi: ya tafi cin rani Najeriya, ko ya zauna ya yi noman lambu? Ya rasa abin yi, sai ya zaro dala ashirin ya ce a ransa, idan ta faɗi kaza tafiyar alheri ce, idan ta faɗi kaza babu alheri a cikinta.

Ƙwandalar ɗaya ce, hannu ɗaya ne zai iya cilla ta, amma hukuncin biyu ne. Sauran darasin bayanin dalilin haka ne.

Ƙuri'a a cikin Alƙur'ani da Sunna

Alƙur'ani mai girma ya ambaci ƙuri'a a wuri biyu. A suratu Ali Imrana, aya ta 44, an ba da labarin yadda aka yi jayayya a kan wanda zai ɗauki renon Nana Maryamu, aka jefa alƙaluma, renon ya faɗa ga Annabi Zakariyya (AS). A suratus Saffati, aya ta 139 zuwa 141, an ba da labarin Annabi Yunusa (AS) cikin jirgin da ya cika maƙil, aka yi ƙuri'a ta faɗa kansa.

A Sunna kuwa misalan suna da yawa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta fito da ita yake tafiya. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya kawo hadisin Abu Huraira (RA) da ke nuna cewa falalar kiran salla da sahun farko ta kai a yi ƙuri'a a kansu idan babu wata hanyar samunsu. Muslim ya ruwaito daga Imrana ɗan Husaini (RA) labarin mutumin da ya 'yanta bayinsa shida a lokacin mutuwarsa alhali ba shi da wata dukiya sai su. Wasiyya ba ta wuce sulusi, saboda haka Annabi (SAW) ya kasa su uku, ya yi ƙuri'a, biyu suka sami 'yanci. Haka nan da Muhajirai suka isa Madina, mutanen Madina sun yi ƙuri'a a kan wanda zai sauki wa, har Usmanu ɗan Maz'unu (RA) ya faɗa a rabon gidan Ummul Ala'i (RA).

Mai lura zai ga abu ɗaya a cikin duk waɗannan. Akwai mutane da haƙƙinsu ya yi daidai, abin da ake nema ba zai ishe su duka ba, kuma babu wata hujja da za ta fifita wani. Shugaban halitta (SAW), wanda babu mai tuhumar adalcinsa, shi ne ya ajiye zaɓinsa gefe ya bar ƙuri'a ta raba, domin zukatan iyalinsa su natsu.

Malaman Malikiyya sun fitar da ƙa'ida daga nan. Imam Al-Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar shekara ta 684 bayan hijira, ya bayyana a littafinsa Al-Furuƙ cewa wurin ƙuri'a shi ne inda haƙƙoƙi ko maslahohi suka yi daidai, domin a kawar da ƙullaci. Inda kuwa haƙƙi ya tabbata a gefe guda, ƙuri'a ba ta halatta, domin tana iya tozarta shi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta sharɗanta cewa rabo da ƙuri'a sai a cikin abu mai jinsi guda, kuma ba tare da wani ya cika wa wani kuɗi ba. Idan sai an yi ciko, rabon ba ya yiwuwa sai da yardar juna.

Abin da aka haramta

Larabawan jahiliyya suna da wasu kibau da ake kira azlam. An rubuta umarni a jikin ɗaya, hani a jikin ɗaya, ta uku ba a rubuta mata komai ba. Mai son tafiya ko aure ko fatauci sai ya zaro ɗaya ya bi abin da ta ce. Suratul Ma'ida ta haramta wannan a aya ta 3, sannan a aya ta 90 ta jera shi tare da giya da caca da gumaka. Bukhari ya kawo cewa Suraƙa ɗan Malik ya duba irin waɗannan kibau sa'ad da ya bi sawun Annabi (SAW) a hanyar hijira, kafin Allah Ya shiryar da shi. Ya kuma kawo cewa ranar buɗe Makka an tarar da zanen Annabi Ibrahim da Annabi Isma'ila (AS) a cikin Ka'aba riƙe da kibau, Annabi (SAW) ya ƙaryata masu zanen, ya tabbatar cewa annabawan nan biyu ba su taɓa yin haka ba.

Mutumin Arewa ba baƙo ba ne ga wannan bambanci. A Lugu, garin Sarauniya wadda ta tari rundunar Faransawa a watan Afrilu na 1899, akwai dutsen da ake kira Tunguma, wanda masu bin al'adar kaka da kakanni ke kai wa ƙara da tambaya. Akwai kuma masu watsa wuri su duba yadda ya kwanta. Mai zuwa irin wuraren nan yana zuwa ne da imanin cewa abin da yake tambaya ya san ɓoyayye: wa ya yi sata, tafiya za ta yi kyau ko ba za ta yi ba. Wannan imanin shi ne iyaka. Mai yin ƙuri'ar shari'a ya san cewa tsinke ko ƙwandala ba su san komai ba, kuma rashin saninsu shi ne amfaninsu, domin abin da bai san wa ba bai san ƙane ba, ba zai yi son kai ba. Mai duba kuwa yana neman labarin gaibu daga abin da ba shi da shi.

Da wannan ma'auni, 'yan'uwa masu gona suna kan hanyar Sunna. Saurayi mai dala ashirin kuwa ya ɗauko azlam ne a cikin siffar kuɗi, ko da bai sani ba.

Yadda ake lissafin yiwuwa

Domin a tabbatar cewa ƙwandala ba ta san komai ba, sai a duba halinta. A ɗauki dala ashirin. Fuska ɗaya tana ɗauke da tambarin bankin BCEAO mai siffar kifi, ɗayar kuma tana ɗauke da lambar 100. A kira su "kifi" da "lamba".

Idan an cilla sau ɗaya, abu biyu ne ke iya faruwa, kuma babu dalilin fifita ɗaya. Sai a ce yiwuwar kifi ɗaya ce cikin biyu, wato rabi. Wannan shi ne tushen fannin da ake kira lissafin yiwuwa, masu karatun Larabci kuma su ce ihtimali: a ƙirga hanyoyin da abin da ake so zai iya fitowa, a raba da dukkan hanyoyin da ke akwai, muddin hanyoyin daidai suke.

Idan an cilla sau biyu, hanyoyi huɗu ne: kifi da kifi, kifi da lamba, lamba da kifi, lamba da lamba. Kowace ɗaya ce cikin huɗu. A lura cewa samun kifi ɗaya da lamba ɗaya yana da hanya biyu, saboda haka yiwuwarsa rabi ce. Duk jifar da aka ƙara tana ninka hanyoyin: sau uku hanya 8, sau huɗu 16, sau biyar 32, sau goma 1,024.

A cikin hanyoyin nan 1,024 na jifa goma, guda ɗaya tak ce ke ba da kifi goma a jere. Waɗanda ke ba da kifi biyar da lamba biyar cif kuwa 252 ne, wato ƙasa kaɗan da kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan yakan ba mutane mamaki. Wanda ya cilla sau goma ya ga bakwai da uku sai ya ce an yi wa ƙwandalar wani abu, alhali a mafi yawan lokuta biyar da biyar ba ta fitowa.

Daidaiton yana bayyana ne idan jifa ta yi yawa. Wani masani Bafaranshe mai suna Buffon, a ƙarni na 18, ya sa an cilla ƙwandala sau 4,040, fuska ɗaya ta fito sau 2,048. Wani malamin lissafi mai koyarwa a Afirka ta Kudu, John Kerrich, yaƙin duniya na biyu ya rutsa da shi a Denmak a 1940 aka tsare shi. A zaman tsaron ya cilla ƙwandala sau 10,000, fuska ɗaya ta fito sau 5,067. Dokar da ke bayanin wannan, Yakubu Bernoulli na birnin Basel ne ya kafa hujjarta, aka buga littafinsa a 1713 bayan rasuwarsa: gwargwadon yawan jifa, gwargwadon yadda kason kowace fuska ke matsowa kusa da rabi.

Amma dokar ba ta faɗi komai ba a kan jifa ta gaba. Idan kifi ya fito sau biyar a jere, zuciya takan raya cewa yanzu kam lokacin lamba ya yi. Ƙwandala ba ta riƙe bashi, ba ta kuma tuna jiya. Jifa ta shida rabi da rabi ce kamar ta farko. Kifi biyar a jere ɗaya ne cikin 32, ma'ana idan almajirai 32 suka zauna kowa ya cilla sau biyar, ba abin mamaki ba ne a sami ɗaya ya jera kifi biyar. Wannan almajirin ba shi da wani sirri, kuma bai fi sauran sa'a a jifa ta gaba ba.

Inda wannan ya shafi tauhidi

Wani zai ce: idan an ce rabi da rabi, ashe ba an fitar da abin daga ƙaddara ba? Amsa ita ce a'a. Ɗalibin da ya karanta Ummul Barahin ta Shehu Sanusi ya san cewa hukuncin hankali uku ne: wajibi, da mustahili, da ja'izi. Faɗuwar ƙwandala a kan kifi ko lamba ja'izi ne, kuma duk ja'izi Allah ne ke keɓance shi da nufinSa, Ya samar da shi da ikonSa. Rabi da rabi awo ne na ƙarancin sanin bawa. A wurin Allah babu rabi, Ya san yadda kowace jifa za ta faɗi tun kafin a ƙera ƙwandalar.

Binciken masana ma ya nuna cewa rashin sanin daga wajen ɗan Adam yake. Wani masani a jami'ar Stanford ta Amurka, Persi Diaconis, da abokan aikinsa sun yi amfani da na'urar da ke cilla ƙwandala da ƙarfi iri ɗaya kowane lokaci, sai ta riƙa faɗuwa a fuska ɗaya kullum. Babban yatsan mutum ne ba ya iya maimaita ƙarfi ɗaya sau biyu. A 2007 sun lissafa cewa ƙwandalar da aka cilla da hannu aka cafe ta fi karkata kaɗan ga fuskar da take sama tun farko, kusan kashi 51 cikin 100. A 2023 wasu masu bincike suka gwada da jifa 350,757, suka sami kashi 50.8.

Tsarin da ke bayyana a cikin jifa dubu goma kuwa yana cikin abin da malaman tauhidi ke kira hukuncin al'ada, wato alaƙar da ake ganewa ta hanyar maimaituwa, kamar ƙuna a wajen wuta da ƙoshi a wajen abinci. Allah ne ke gudanar da ita, sabubban ba su da tasiri da kansu. Bawa yana koyon al'adar domin ya yi aiki da ita, zuciyarsa kuwa tana wurin Mai gudanar da ita.

Amfanin wannan lissafi a rayuwa

Na farko, a kan caca. Samari da yawa yanzu suna zuba kuɗi ta wayar salula a kan sakamakon wasannin ƙwallo. Hukuncinta a bayyane yake a ayar Ma'ida da ta gabata, lissafi kuma yana nuna hikimar hanin. A ƙaddara saurayi ya haɗa wasa goma a takarda ɗaya, a kuma sauƙaƙa masa a ce kowane wasa rabi da rabi ne. Yiwuwar ya dace duka goma ɗaya ce cikin 1,024. Idan dala ashirin yake zubawa kowane karo, to a tsaka-tsaki sai ya zuba sefa 102,400 kafin a ci sau ɗaya, kuma mai gidan caca ya tsara biyansa yadda abin da yake bayarwa bai kai abin da yake karɓa ba. Wanda ya faɗi sau ashirin yana cewa saura ƙiris, shi ne mai zaton ƙwandala tana riƙe bashi.

Na biyu, a kan haihuwa. Akwai gidajen da ake ƙuntata wa mace, har a kai ga saki, saboda ta jera 'ya'ya mata. Haihuwar namiji ko mace kusan rabi da rabi ce, ko da yake maza sukan ɗan rinjaya kaɗan. Mata huɗu a jere kusan ɗaya ne cikin 16. Ma'ana a cikin gidaje 160 masu 'ya'ya huɗu-huɗu, ana sa ran kusan goma su kasance mata zalla, wasu kusan goma kuma maza zalla, ba tare da an yi wa kowa sammu ba. Likitoci sun kuma tabbatar cewa sababin jinsin jariri daga ruwan uba yake. Suratush Shura, aya ta 49 da 50, ta riga ta yanke magana cewa 'ya'ya mata da maza kyauta ce da Allah ke ba wanda Ya so.

Na uku, a gane cewa ba kowane abu mai fuska biyu ne rabi da rabi ba. Ko a yi ruwa ko kada a yi, fuska biyu ce, amma a watan Agusta yiwuwar ruwa ba daidai take da ta watan Afrilu ba. Shi ya sa cibiyar AGRHYMET da ke Yamai da ma'aikatar yanayi ke ba da hasashen damina da kaso-kaso. Manomin da ke tunanin ya yi binne ko ya jira ruwan shuka yana da abin dubawa: yawan irin da ya rage masa, da abin da dattawa suka sani na ƙasarsu, da abin da masana suka hango. Idan ya bar duk wannan ya cilla ƙwandala, ya zubar da ilimin da Allah Ya ba shi.

Ladubban yin ƙuri'a

A koma ga 'yan'uwa masu gona. Kafin a taɓa ƙwandala, sai an tabbatar cewa babu wani magaji da aka manta, mace ko namiji, an kuma biya bashin mamaci an zartar da wasiyyarsa, domin ƙuri'a ba ta halatta haƙƙin wani. Sannan masu sanin ƙasa su daidaita kason biyu a ƙima. A cikin Dallol, taki ɗari na fadama mai ruwa kusa ba ɗaya ba ne da taki ɗari na jigawa. Ba a haɗa gida da gona a ƙuri'a ɗaya. Idan sai wani ya cika wa wani kuɗi, an fita babin ƙuri'a an shiga na yardar juna, kamar yadda Risala ta nuna.

Idan komai ya daidaita, sai a yarda tun farko, gaban shaidu, cewa jifa ɗaya ce kuma abin da ya fito ya zauna. Wanda ba shi da rabo a ciki shi zai cilla, kada kuma mai zaɓen fuska ya ga wadda ke sama kafin jifa, saboda ɗan karkacin da aka ambata. Idan ana zargin ƙwandalar ta lanƙwashe, akwai dabarar da masanin lissafi John von Neumann ya bayar a 1951: a cilla sau biyu, idan kifi ne sannan lamba, wa ya samu, idan lamba ce sannan kifi, ƙane ya samu, idan fuska ɗaya ta maimaitu a sake. Komai karkacin ƙwandalar, hanyoyin nan biyu daidai suke. Idan masu haƙƙi uku ne, a cilla sau biyu, a ba kowa hanya ɗaya cikin huɗun nan, ta huɗu idan ta fito a sake. Idan sun fi haka, takardu iri ɗaya a cikin hula sun fi sauƙi. Haka ya dace a yi wajen jerin kwasar adashe idan 'yan adashen ba su daidaita a kan wani tsari ba.

Bayan an gama, ya kyautu a kai maganar ga kwamitin filaye na gari, irin waɗanda dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta tanada, a rubuta a ajiye, domin shaidu suna mutuwa.

Ba a ƙauye kaɗai ake komawa ga wannan ba. A gasar cin kofin Afirka ta 2015, Mali da Gini sun yi kunnen doki a komai, kowace ta tashi ɗaya da ɗaya a wasanninta uku. Sai aka yi ƙuri'a a Malabo, Gini ta wuce. 'Yan Mali sun ji zafi, amma babu wanda ya iya cewa an zaɓi wani an bar wani.

To, saurayin fa?

Shi abin da ke gabansa ba rabon haƙƙi ba ne tsakanin mutum biyu. Neman sanin inda alheri yake ne, kuma shari'a ta ba shi ƙofa biyu. Ta farko shawara: ya tambayi iyayensa, da malaminsa, da waɗanda suka je suka dawo, ya ƙirga guzurinsa, ya duba wanda zai bar wa gida. Ta biyu istihara, wadda Bukhari ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi (RA) cewa Annabi (SAW) yana koya musu ita kamar yadda yake koya musu surar Alƙur'ani: raka'a biyu na nafila, sannan addu'ar da bawa ke amsa jahilcinsa da gazawarsa a cikinta, ya roƙi Masanin gaibu Ya zaɓa masa. Bayan haka ya ɗaura niyya ya dogara ga Allah.

Akwai masu cewa su ba hukuncin ƙwandala suke bi ba, suna cilla ta ne domin tana sama sai su ji abin da ransu ke fata. Gaskiya ne, rai yakan tona kansa a wannan ɗan lokaci. Amma muridi ya san cewa gano abin da rai ke so farkon bincike ne kawai. Shehu Ibn Aɗa'illah, a cikin Hikam, ya shiryar da cewa idan abu biyu suka rikice wa bawa, ya duba wanda ya fi yi wa ransa nauyi ya bi shi, domin gaskiya ce ke yi wa rai nauyi. Saboda haka saurayin da ya ji ransa na fatar tafiya, sai ya tambayi kansa: neman halal ne ke jan shi, ko gudun wahalar lambu da hidimar tsofaffi? Wannan tambaya a zaman muhasaba ake amsa ta, ko a gaban shehin tarbiyya, kuma ba ta buƙatar dala ashirin.

Wa da ƙane kuwa, idan ƙwandala ta faɗi, ɗayansu zai rasa gonar gabas. Nan ne tarbiyya ke bayyana. Wanda ya samu kada ya ɗauka Allah Ya fi son sa, domin ƙuri'a ta faɗa kan Annabi Yunusa (AS) aka jefa shi cikin teku, alhali shi ne mafi daraja a cikin jirgin. Wanda ya rasa kuma kada ya ce a sake, domin ya riga ya ba da alkawari, kuma arzikinsa ba a gabas ko yamma aka ɗaure shi ba. Idan ɗayansu ya iya cewa tun farko, "Yaya, ɗauki wadda kake so," to ya huta da jifa, ya kuma sami ladan fifita ɗan'uwa a kan kai, halin da Alƙur'ani ya yabi mutanen Madina da shi a suratul Hashri.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya amfanar da mu abin da Ya sanar da mu, Ya tsare zumuncinmu, Ya zaɓa mana mafi alheri, kada Ya bar mu da zaɓin kanmu. Allah Shi ne Mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.